Bin Sawu Har Zarewa: Wa Ya Ba Marubuta Mata Labaransu?

A tarihin ƙagaggun labarai na Hausa akwai wani giɓi da ya isa ya tsayar da mai nazari. A 1933 Rupert East, jami'in Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubutu. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Duka maza ne. Aka yi shekara fiye da 40 ba a ga sunan mace a bangon irin waɗannan littattafai ba, sai a 1980 da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid. Kafin a ƙara shekara 15, mata sun cika teburan masu sayar da littattafai a Kano, daga Balaraba Ramat Yakubu zuwa Bilkisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin waɗanda suka biyo bayansu.

Ga abin tambaya. Mutanen da aka daɗe ana ɗauka ba su da abin cewa, ya aka yi suka wayi gari da labari cike da baki? Me ya sa kuma labaran suka riƙa kewaya wuri guda: auren dole, zaman kishi, saki, zawarci, uwar miji, ɗan riƙo, da yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗakin miji? Wani ne ya ba su, ko da abinsu suka zo? An ba da amsoshi uku, kowacce da hujjarta. Sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wadda za ta tsaya da ƙafarta.

Amsar da ta fi yawo ita ce Indiya. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, daga baya talabijin da kaset ɗin bidiyo suka shigar da su har ƙuryar ɗaki. Masanin nan Brian Larkin ya yi rubutu a 1997 kan dangantakar waɗannan finafinai da littattafan soyayya na Hausa. Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Zargin yana da tushe. Akwai littattafan da in ka karanta za ka ji ƙamshin fim: ɗan talaka da 'yar attajiri, masoya biyu a kan mutum guda, doguwar kalamai ta bege.

Amma a buɗe Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi ce matar Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, tana fama da miji mai hannu da shuni a waje, mai ƙuntata cefane a gida. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su, ta aurar da 'yarta Saudatu. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji a kasuwa, amarya ta watse, manya suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. A nemo fim ɗin Indiya da ke da kuɗin cefane da rabon kwana da idda da biko. Babu. Waɗannan kayan gidan Bahaushe ne. Shi ya sa da Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012, mutanen can suka karɓe shi a matsayin baƙo mai sabon labari. Ko zancen soyayya da kuɗi ma ya riga silima zuwa: a Jiki Magayi, Abubakar ya rasa Zainab ne saboda attajiri Malam Shaihu ya fi shi abin hannu. Indiya ta ba wasu marubuta ado da salo, amma gangar jikin labarin daga wani wuri ta fito.

Amsa ta biyu ita ce boko da aƙidar Turawa. Masu wannan ra'ayi suna ganin an cusa wa mata tawaye ne daga waje. Ra'ayin ya yi ƙarfi har ya kai ga hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a Kano a 2007, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar kuma ta nemi marubuta su yi rajista. To, sai a dubi wadda ta fi kowa shan wannan suka. Balaraba ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammad ce, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1975 zuwa 1976, amma girman gida bai hana a cire ta daga firamare ba. An yi mata aure tana da kimanin shekara 13 da mutumin da ya girme ta nesa, auren kuma bai yi ƙarko ba. Daga baya ne ta kammala koyon karatu da rubutu a ajin manya. Da Hausa ta yi rubutu domin ita ce harshen da ke hannunta. Wadda aka hana boko ba za a ce boko ne ya ɓata ta ba.

Littafinta Wa Zai Auri Jahila? ya nuna inda ciwon yake. An cire Abu daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi karatu ba, uba ya ba da ita ga Sarkin Noma, tsoho sa'an kakanta. Ta gudu Kano wurin 'yar uwar iyayenta, ta koma aji, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Mai karatu ya lura da kalmomin da ake kai ƙara da su a irin waɗannan littattafai: hakki, amana, adalci, zalunci, alhaki, da Allah ya isa. Da su ake shari'a a zauren malamai da gaban alƙali da tsakar gida. Ba daga Landan aka aro su ba.

Amsa ta uku ita ce kasuwa, wai kuɗi kawai ake nema. Gaskiya ne bayan matsin tattalin arziki na tsakiyar shekarun 1980 manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, marubuta suka koma buga wa kansu, ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Balaraba da Ado Ahmad Gidan Dabino suke ciki, suka kafu. Wannan ya bayyana yadda littattafan suka yaɗu, amma bai faɗi inda labarin ya samo asali ba. Hasali ma ya ƙara ɗaure tambayar. Matar aure da ta rage kuɗin adashinta ta aiki yaro ya sayo mata littafi, ko ya karɓo mata haya, ta yi haka ne don ta ga kanta a ciki. Ashe labarin yana nan tun kafin a rubuta shi. Abin da ake buƙata yanzu shi ne shaida: mace Bahaushiya da ta ba da labarin rayuwarta tun silima ba ta kama ƙasa ba, tun boko bai shiga gidajen mata ba, tun babu kasuwar littafi.

Akwai irin wannan shaida. Daga Nuwamban 1949 zuwa Janairun 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata dattijuwa da ake kira Baba ta riƙa zama da Mary Smith, matar masanin zamantakewa M. G. Smith, tana ba ta tarihinta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951. A 1954 kamfanin Faber ya buga labarin da Turanci a Landan da sunan Baba of Karo, ya zama littafin da ake karantarwa a jami'o'in duniya. Daga baya aka fitar da Hausarsa da sunan Labarin Baba Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano.

To ina ne Karo? A Giwa aka yi hirar, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka Baba Bazazzagiya ce. Sunan littafin na Hausa ya kawar da wannan: ƙasar Kano ce. Sai a bi alamomin da ke cikin labarinta. Ta ce kakanninta daga Barno suka zo. Ta girma a ƙauyen manoma masu rinji, a bakin iyaka inda ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina suka haɗu, inda mahara ke kama mutane su sayar ko a fanshe su. Garin da ƙauyensu ya jingina da shi, mai sarki da kasuwa, wanda ake gudu cikinsa in an ji kururuwar hari, shi ne Zarewa. Wanda ya san yammacin Kano ya riga ya gane wurin. Zarewa tana cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Rogo, tare da su Beli da Fulatan da Gwangwan da Ruwan Bago da Zoza. Rogo kuwa har yau ita ce ke iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma ita da Ƙaraye ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye a tsarin da aka yi a 2024. Ƙasa ce da aka san ta tun da da auduga da marina da fatauci. Daga wannan kusurwa ce ɗaya daga cikin mafi daɗewar tarihin mace Bahaushiya, daga bakinta, ya kai ga ɗab'i.

Yanzu sai a ɗora labarin Baba kusa da littattafan da ake zargi. Mahaifinta manomi ne kuma malamin allo. Tana yarinya aka yi mata auren zumunci da ɗan uwanta, ta bi umarnin iyaye alhali zuciyarta ba ta wurin, daga baya ta fita. Sau huɗu ta yi aure. Ba ta haihu ba, ta riƙe 'ya'yan dangi. Ta yi bayanin zaman kishiyoyi, na daɗi da na ɗaci, da ƙawance tsakanin mata, da yaji da biko, da zuwa gaban alƙali neman rabuwa, da sana'ar cikin gida da mace ke tara abin kanta da ita, da haihuwa da wankan jego, da karuwai da masu bori. Kusan duk abin da aka ce marubutan Kano sun kwaso daga waje yana nan a bakin tsohuwar da ta ga zuwan Turawa da idonta.

A lura da lissafin shekaru. Lokacin da Baba ta gama ba da labarinta, ba a haifi Hafsat Abdulwahid ba, wadda ta zo duniya a 1952, balle Balaraba da ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1950. Littafin kuma da Turanci ya fara fita, a wata ƙasa, ga masu karatun jami'a. Baba ba ta ji su ba, su ma ba daga takardarta suka kwafa ba. In shaidu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suka faɗi magana guda, to abu guda suka gani. Abin nan kuwa shi ne tsakar gida.

Yadda abin ke aiki a fili yake ga duk wanda ya tashi a gidan Hausa. Yaro namiji yana kai shekara bakwai ko takwas zai fara komawa zaure da makarantar allo da gona da kasuwa. Shi ya sa marubutan farko suka cika littattafansu da tafiya da yaƙi da fada da wayon matafiyi, domin duniyar da suka tashi a ciki ke nan. Yarinya kuwa tana nan gindin murhu da turmi. Ita ke riƙe jariri ana hirar wadda aka saka jiya. Ita ke zaune ana yi wa uwarta kitso ana warware sirrin unguwa. Ita ake ɗora wa talla ta shiga gida goma a wuni, inda namiji baligi ba ya taka ƙafa, ta ga wadda aka hana cefane da wadda aka fifita. Da dare kaka ta yi mata tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, ta koyi yadda ake ƙulla labari a kwance shi. Kafin ta kai munzali ta haddace ilimin da babu shi a kowane littafi. Abin da ya hana shi fitowa tsawon shekaru shi ne rashin alƙalami. Baba sai da ta jira hannun baƙuwa.

Da a nan aka tsaya, da rabin amsa aka samu, domin akwai bambanci babba tsakanin Baba da marubutan. Baba tana faɗin yadda abu ya faru, ta yabi wanda ya kyauta, ta kushe wanda ya munana, amma ma'auninta al'ada ce da zumunci da abin da magabata suka saba. Marubutan kuwa suna yanke hukunci, suna cewa wannan al'adar kanta zalunci ce. Wa ya ba 'yar Hausa ƙarfin halin ta dubi abin da uba da miji da dangi suka yarda da shi ta ce ba daidai ba ne? Dole ta samu abin da ya fi al'ada ƙarfi a idon jama'a. A ƙasar Hausa abu guda ne ke da wannan matsayi, shi ne addini.

Wannan sawu ma tsoho ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jagororin mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. A zamaninmu abubuwa uku suka haɗu cikin ɗan lokaci. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya fara a 1976. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980. Makarantun Islamiyya na matan aure kuma suka yawaita, aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Shekarun nan ne daidai shekarun da littattafan mata suka ɓullo.

A Islamiyya mace ta ji da kunnenta cewa sadaki nata ne, ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji, adalci sharaɗi ne ga mai ƙara aure, neman ilimi kuma bai ware mace ba. Ta ji labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ta karanta Suratul Mujadala, ta ga cewa wata mace ta kai ƙarar mijinta, Allah ya ji kukanta har aka saukar da hukunci. Sai ta koma gida ta tarar da abin da ake yi daban. Tazarar da ke tsakanin abin da ta karanta da abin da ta gani, nan ne littafin ya tsiro.

Wannan ne kuma ya sa gardamar ta yi zafi. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a nan, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma da wannan wasu malamai suka ƙalubalanci Wa Zai Auri Jahila? Amsar da littafin ke bayarwa ta cikin gida ce: ikon uba amana ce da aka ba shi don maslahar yarinya, in ya zama hanyar cutar da ita to an ci amanar. Muhawara ce tsakanin Musulmi da Musulmi, kowa yana kafa hujja da abin da ɗayan ya yarda da shi.

Imani ya shiga har cikin ginin labarin. Rabi ba ta rama da hannunta ba, ba ta je wurin boka ba. Ta yi haƙuri mai haɗe da neman na kai, alhakinta kuma ya bi Alhaji Abdu har shagonsa. Marubuciyar ba ta ba ta mafita mai sauƙi ba, ta mayar da ita gidan bisa matsin manya, domin ta san yadda ake yi wa uwar 'ya'ya tara. Amma wadda ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, yanzu ita ke riƙe da gidan. Bilkisu Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, ta bi wata hanya mai taushi: taurarinta mata ne masu karatu mai zurfi da ibada da iya zama da miji, waɗanda ilimi da tarbiyya ke ɗaukaka su. Hafsat Abdulwahid kuwa, da ta fito daga gidan Fulani, ta sa Boɗaɗo ta buɗe baki ta faɗi wanda take so, a cikin al'ummar da kunya ke hana budurwa irin wannan magana. Kowacce ta ɗauko abin da gidansu ya nuna mata, ta auna shi da abin da ta yi imani da shi.

Ga amsar ke nan a haɗe. Tsakar gida ce ta ba su labari, shaidar Baba ta Zarewa ta tabbatar da haka. Addini ya ba su ma'auni da izinin magana. Ajin yaƙi da jahilci da firamare suka ba su alƙalami. Kasuwa ta kai littafin hannun masu karatu, Indiya kuma ta ara wa wasu ado. Wanda ya ƙona littafi da niyyar kashe baƙuwar aƙida ya ɓata ashana, domin abin da ke cikin littafin yana nan a gidan maƙwabcinsa. Ana iya sukar raunin rubutu, ko batsa inda ta shigo, ko gaggawar bugu, kuma ya kamata a yi. Amma maganar cefane da saki barkatai da cire yarinya daga aji ba a kashe ta da wuta, sai da gyara.

Akwai aiki a nan ga mutanen Ƙaraye da Rogo musamman. Ɗalibai a Amurka da Ingila sun shafe shekaru suna karanta rayuwar wata 'yar ƙasarsu, ya dace 'yan matan sakandare na yankin su ma su karanta ta da harshen da ta faɗe ta. Masarauta da malaman Hausa da ƙananan hukumomin biyu za su iya ɗaukar nauyin wannan. Akwai kuma tsofaffin mata da ke raye, waɗanda suka ga ƙarshen kaɗi da saƙa, suka ga yadda madatsar ruwa ta Challawa ta sauya noma da zama a farkon shekarun 1990. Kowace waya a yau tana naɗar murya, kuma ƙofofi sun buɗe, tun daga karanta littattafai a rediyo har gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara don mata a 2016. Jikokin waɗannan tsofaffi sun iya rubutu, sun yi Islamiyya, sun tashi a tsakar gida guda da ta haifi labaran. Abin da ya rage a kan iyaye da malamai shi ne su bar su su gama karatu, in sun rubuta kuma a karanta da adalci kafin a yanke musu hukunci.